Shuɗin Watan Tufail Sahib

"Sauke wancan ma. A hankali, kada gilashin ya fashe."

Tufail Ansari yana sako ƙafa cikin zauren ya ji muryar Dakta Wajahat, ya kuma ga abin da ake saukewa. Hotunansa ne. Rabin bangon da aka ba shi ya riga ya zama fili, sai ƙusoshi tsirara, hotunan kuwa an jingine su a ƙasa suna kallon bango kamar ɗaliban da aka hukunta. Kwalin alawar da ya sayo wa baƙi saura kaɗan ya suɓuce masa.

"Wajahat! Mene ne haka?"

Shugaban ƙungiyar masu kallon taurari ta Multan ya juyo, hoto rungume a ƙirji. Likitan haƙori ne, gajere mai tumbi, abokin Tufail tun suna sa gajeren wando. A kan kujera kuwa Sundus ce tsaye, wadda ta fi kowa ƙuruciya a ƙungiyar, ta kuma fi kowa sanin kwamfuta. Hannunta yana kan hoto na gaba, ta kasa cirewa, ta kasa saki.

"Tufail Bhai, ɗan'uwana, zauna tukuna. Ka sha ruwa."

"Ban zo shan ruwa ba. Bayan magariba za a buɗe nunin nan, kai kuma kana kwashe mini bango."

"Chacha," in ji Sundus daga sama, wato baffa, yadda take kiransa don girmamawa, "ni ce na kawo maganar. Amma ban ce ka yi ƙarya ba."

"To me kika ce?"

"Na ce hotunan sun yi ƙarya."

"Hoto yana ɗaukar kansa ne, 'yata?"

Fankar sama tana ta juya iska mai zafi, ba ta rage komai.

Abin da ke bangon nan aikin shekara goma sha wani abu ne. Kowane wata, idan farin wata ya kusa cika, Tufail yakan hau saman soronsa da madubin hangen nesa da tsohuwar kyamararsa, ya ɗauki fuskar watan, sannan ya ƙara wa launin ƙarfi daidai gwargwadon da ya saba, don ɓoyayyen launin ƙasar wata ya fito. Da ya jera hotunan bara, sai ya ga abin da ya hana shi barci. Na shekarun farko duk ruwan zuma ne, masu ɗumi. Daga nan suka fara dusashewa zuwa ruwan toka. Na baya-bayan nan kuwa shuɗi ne, shuɗin da ke ƙaruwa wata bayan wata. Ya sa wa jerin suna, ya buga a shafin ƙungiya: wata yana canza launi.

"Na tambayi mutane a Lahore da Karachi, har da wani a Tashkent," in ji Sundus. "Ba wanda watansa ya yi shuɗi sai naka."

"Saboda kyamarorinku 'yan siyasa ne, duk abin da suka gani sai su gyara shi ya yi wa kowa daɗi. Kun bar su suna zaɓen abin da za su kira fari da kansu, su mayar da komai ruwan toka. Ko wata ya zama kore ba za ku sani ba. Ni farina ɗaya ne tun ranar farko. Ban taɓa canza shi ba."

"Ka ji ko?" Wajahat ya ce da Sundus, kamar dama yana gefen abokinsa. Sannan ya rage murya. "Sai dai, Bhai, 'yan kwamiti sun yi ta kirana tun safe. Hotunan sun zaga ƙasa, ana ta aiko mana da tambaya. Wani ma cewa ya yi ka mayar da wata shuɗin tangaran ɗin Multan, saura a zana masa furanni a sayar wa 'yan yawon buɗe ido. Suna cewa ka taɓa launin a kwamfuta."

Nan ne maganar ta soke shi. Tufail ya yi rayuwarsa ta aiki yana duba fitilun sigina na jirgin ƙasa. Mutumin da abincinsa shi ne kada ja ya zama kore, yau ake cewa ya yi maguɗin launi.

"Kai ma ka yarda da su?"

"Ni haƙori na sani. Ga abin da muka tsayar. Je ka ɗauko kyamararka. Bayan salla za mu hau rufin nan, ka ɗauki wata a gaban kowa, mu gani a jikin kyamarar, ba kwamfuta, ba komai. In ya fito shuɗi, da hannuna zan mayar da hotunan. In bai fito ba…" Ya shafa tumbinsa. "Za su cire sunanka, Bhai. Ba zan iya tare su ba."

Tufail ya dangwarar da kwalin alawar a kan tebur.

"Ci, mai haƙori. Ka samar wa kanka aiki."

Rikshon da ya tara, babur mai ƙafa uku, ya bi ta kasuwa, suka maƙale a bayan amalanken mangwaro, direban yana zagin jaki, mai jakin yana zagin direban. Tufail ya jingina kai da ƙarfen gefe ya lumshe ido. Ba fushi ne ya fi damunsa ba, gajiya ce. Gwiwoyinsa sun gaji da matakalar soro, idonsa ya gaji da leƙen gilashi, bakinsa ya gaji da bayani. Tun rasuwar Shagufta, matarsa, wata ne kaɗai ke sa shi duba kalanda. Da ya ga launin yana canzawa sai ya ji kamar an ba shi wani aiki, an ce masa zamansa bai ƙare ba tukuna.

Ya tarar da 'yarsa Rubab a tsakar gida tana gyaran wake, ko kayan makarantar da take koyarwa ba ta cire ba.

"Abbu, har an gama? Ai na ce zan biyo ka da yamma."

"Ba a fara ba, an kusa gama ni."

Ya wuce ɗaki, ya jawo akwatin katako daga ƙarƙashin gado. Kyamara, igiyar ɗauka, batir. A ƙasan su, cikin ninki huɗu, ga farinsa: guntun yadin da ya rage daga ɗinkin wata rigarsa ta da. Kyamara ba ta san fari ba sai an nuna mata. Abin da ka nuna mata ka ce wannan ne fari, da shi za ta auna sauran launuka duka. Shi ya sa kowane wata, da la'asar, yakan shimfiɗa wannan ƙyalle a rana ya nuna mata, kafin ya jira wata. Kuma tun ranar farko ya kafa doka a gidan: kada wanda ya taɓa shi, kada a wanke, kada a goge. Ma'auni ba ya shiga ruwa.

Rana ta yi la'asar daidai. Ya rataya kyamara a wuya ya nufi matakala, ƙyallen a hannu.

"Abbu, tsaya. Ba dai da wannan tsumman za ka shiga cikin mutane ba?"

"Tsumma?"

"Dubi launinsa, kamar an tace shayi da shi. Kawo in ɗauraye, in sa masa bula, kafin ka yi alwala ya bushe. Da Ammi tana nan ai ba za ta bari…"

Ta datse maganar, ta sunkuya kan wake.

"Ba za ta bari me?"

"Ba komai."

"Rubab."

"Abbu, ka yi sauri, za ka makara."

"Ƙyallen nan bai taɓa ganin ruwa ba. Uwarki ta sani, ke ma kin sani."

Rubab ta ajiye tiren. Ta dube shi irin duban da take yi wa ɗaliban da suka kawo amsa ba daidai ba da ƙarfin gwiwa.

"Duk Juma'a take wanke shi."

Ya tsaya, ƙafa ɗaya a kan matakala.

"Kana fita masallaci take jawo akwatin. Ta wanke, ta tsoma a ruwan bula tare da rigunanka, ta shanya. Ka san ranar garin nan. Kafin ku idar, ku gama shan shayinku da Chacha Wajahat, ya bushe, ta goge, ta mayar da ninkin yadda ka bari. Ni ke tsaron ƙofa."

"Na ce kada a taɓa!"

"Ka ce. Ita kuma ta ce, mutum zai shimfiɗa ƙazamin ƙyalle a saman soro, matar Haji Munawwar tana leƙowa daga nata soron? A ce a gidan Shagufta akwai farin da bai sha bula ba? Ta ce in wata ne bai damu ba, ita ta damu."

"Shekara nawa?"

"Tun daga farko. Har ta kwanta. Ni kuma da ta rasu sai na kasa taɓa akwatin." Muryarta ta yi ƙasa. "Me ya faru, Abbu? Wanki ne fa kawai."

Ya sauko, ya shiga ɗakin ciki, ya buɗe akwatin ƙarfen da ba a buɗe ba tun bayan zaman makoki. Ƙamshin kafur ya bugo shi. A saman kaya ga farin mayafin da take salla da shi, wankin hannunta na ƙarshe, a ninke, bai ga rana ba tun lokacin. Ya ɗauka, ya hau soro, Rubab tana biye.

Ya shimfiɗa su gefe da gefe a kan dandamali.

Ido maƙaryaci ne idan ya saba. Kowane wata yana kallon ƙyallen nan yana ganin fari tas. Yanzu da ya kwanta kusa da mayafin, sai ga shi rawaya-rawaya, launin tsohon haƙori, ƙurar Multan da gumin hannu da zafin akwati duk sun zauna a jikinsa. Mayafin kuwa yana wani sheƙi mai sanyi, shuɗi-shuɗi, irin farin da matan unguwa ke tsayawa su yaba.

Ya nuna wa kyamara ƙyallen, ya ce mata ga fari. Ya juya ya ɗauki bangon Haji Munawwar da aka shafa wa farar ƙasa. Ya duba. Bangon ya fito shuɗi. Ya nuna wa kyamarar mayafin a matsayin fari, ya sake ɗaukar bangon. Ruwan zuma.

Ya zauna a kan bokitin da ke kife.

Lissafin bai da wuya. Idan ka nuna wa kyamara abu mai shuɗi-shuɗi ka ce fari ne, za ta ɗebe shuɗi daga komai, duniya ta fito da ɗumi. Idan ka nuna mata mai rawaya-rawaya, za ta ɗebe rawaya, duniya ta yi shuɗi. Wata yana nan yadda Allah ya ajiye shi. Ƙyalle ne ya yi ta tsufa.

"Wato shi ke nan?" in ji Rubab, bayan ya nuna mata hotunan biyu ya yi mata bayani a gajarce. "Duk hawa da saukar nan?"

"Har na shekarun farko ba daidai suke ba. Ko ɗaya babu mai launin gaskiya."

"Ba za a iya gyarawa a kwamfuta ba?"

"Sai an san yawan bular da take zubawa."

Rubab ta yi wata dariya da ta fi kama da kuka. "Hannun Ammi ba ma'auni ba ne. Ranar da take fushi da kai takan zuba da yawa."

Tantabarun maƙwabta suka zagayo suka sauka. Can gabas, a saman kubbar hubbaren da ke kan tudu, wata ya riga ya fito, fari fat kamar guntun gajimare.

Sai wani tunani ya zo masa, ya zauna daram. Ba wanda ya ce ya kawo ƙyalle. Kyamara aka ce. In ya nuna mata tsohon ƙyallen yanzu, ya je ya ɗauki wata a gabansu, shuɗi zai fito, ba kwamfuta, ba komai. Bai taɓa launi ba, wannan gaskiya ne. Za a mayar da hotunan, a bar masa sunansa, a bar masa watansa.

Rubab ta karanta fuskarsa.

"Ni dai na iya shiru, Abbu. Ka ga shaida."

Ya miƙe, gwiwa tana ƙara. Ya nuna wa kyamara tsohon ƙyallen, ya danna, ya kashe ta. Ƙyallen ya cusa a aljihu don kada ta wanke shi a bayansa. Sai da riksho ya yi nisa da shi ya lura mayafin yana kafaɗarsa, inda ya yafa shi lokacin da yake laluben bango yana saukowa.

An idar da magariba a harabar, mutane suka hau rufin zauren da samosa a hannu. An kafa babban madubin ƙungiya, bakinsa yana kallon gabas. 'Yan kwamiti suka yi layi a gefe ɗaya, hannuwa a baya, kamar masu jiran a fito da gawa.

"Ga mai tangaran ya iso," wani ya ce, ba a hankali sosai ba.

"Ku ba shi wuri," in ji Wajahat. "Bhai, bismilla."

Tufail ya ɗaura kyamarar a gindin madubin. Hannunsa ya san aikin, ba ya bukatarsa. Ya daidaita gani har bakin ramukan wata suka fito da kaifi, ya jira iska ta lafa, ya danna. Ya ciro kyamarar ya miƙa wa Sundus ba tare da ya duba ba.

Ta duba. Ta ƙara girman hoton, ta rage. Kawuna suka taru a kafaɗarta.

"Shuɗi ne," in ji wani.

"Ko ba a ƙara masa ƙarfi ba ana gani!"

"Na faɗa muku!" Wajahat ya daka tsalle gwargwadon abin da tumbi ya yarda. "Na ce mutumin nan ko launin rigarsa ba ya ƙarya a kai!"

"Ai kai ka sauke hotunan, Dakta Sahib."

"Goge su na yi niyyar yi, ƙura ta hau su!"

Aka yi dariya. Mutumin da ya yi maganar tangaran ya zo yana girgiza hannun Tufail da hannu biyu. Sannan, da yake taro ba ya zama ba mai laifi, sai idanu suka koma kan Sundus.

"Yaran yanzu, an karanta kwamfuta an fi uban kowa."

"A ce yarinya ta tozarta dattijo a gaban gari?"

"Kwamiti ya kamata ya duba zamanta."

Sundus ba ta kare kanta ba. Ta zo gabansa, kyamarar a tafin hannu biyu, idonta a ƙasa.

"Chacha, ka yafe mini. Ban gane yadda aka yi ba, amma na gani da idona. Zan rubuta a shafi cewa ni ce na yi kuskure. In sun ce in tafi, zan tafi."

Ya dube ta. Ita ce duk wata take zuwa da babur ta ɗaukar masa hotuna ta kai wurin bugawa. Ita kaɗai ce a ƙungiyar ta zauna ta kalli jerin nan ɗaya bayan ɗaya, har ta damu ta tambayi Tashkent. Sauran ko kallo ba su yi ba sai da aka ce akwai rigima.

A wurin aiki, gilashin sigina yakan koɗe da rana, ja ya fara komawa ruwan lemo. Doka ita ce wanda ya gani ya faɗa, ko da shi ya sa gilashin. Ba jarunta ba ce, jirgi ne ke tafe. A nan ba jirgi, yarinya ce kawai da za a kora, da kuma shi, da zai ci gaba da hawa soro kowane wata yana nuna wa kyamara tsumma yana sane. Da ya hango wannan hawan, sai ya ji gwiwoyinsa sun ƙi tun yanzu.

"Kina da katin nan naki mai ruwan toka, na auna launi?"

"Yana jaka."

"Kawo. Wajahat, haska mana fitilar wayarka, ka daina tsalle kada rufin mutane ya rufta."

Ya shimfiɗa abu uku a kan teburin samosa: katin Sundus, tsohon ƙyallen daga aljihunsa, da mayafin daga kafaɗarsa. Ƙarƙashin fitila ba ya bukatar dogon bayani, amma ya yi. Ya faɗi dokar da ya kafa a gida, ya faɗi Juma'a, ya faɗi matar Haji Munawwar. Ya nuna hotunan bango guda biyu. Muryarsa ba ta hau ba, ba ta sauka ba, kamar mai karanta lokutan jirgi.

"Ban taɓa launi ba. Wata ma bai canza ba. Yarinyar nan ta yi gaskiya, hotunan ne suka yi ƙarya."

Wani ya fashe da dariya, wasu suka bi.

"Bula! Wallahi bula!"

"Bhabhi, matar Tufail, ta wanke wata!"

Tufail ya bar su. Sun cancanci dariyar, shi ma da wani ne da ya yi. Wajahat ne bai yi ba. Yana tsaye da fitila a hannu yana kallon mayafin.

"Wato duk Juma'ar da nake riƙe ka da shayi," ya ce a hankali, "aiki nake yi wa Shagufta Bhabhi ban sani ba." Ya share ido da bayan hannu. "Ita ce fa take cewa in riƙa ƙara maka kofi na biyu, wai kana son hira."

Dariyar ta mutu da kanta.

Ba wanda ya sake maganar cire suna. Aka sauko zaure. Sundus ta hau kujera, Wajahat yana miƙa mata hotunan, ta mayar da su bisa jeri: zuma, zuma, zuma, toka, shuɗi. Ta ciro takardar da ke ɗauke da sunan jerin ta ninke.

"Chacha, me za a rubuta a madadinta?"

"Bar kwanan watan kawai."

Ta sauko, ta ja baya tana kallo da idon aiki. Ta nuna wani hoto a kashi na ƙarshe na jerin.

"Daga nan ya fara juyawa. Ka ga wannan da na kusa da shi?"

"Na gani."

Ya san watan. Shi ne watan da aka dawo da Shagufta daga asibiti, aka sauko mata da gado ƙasa saboda matakala. Ya jawo kujerar roba ya zauna a gaban bangon, ƙyallen da mayafin a kan cinya. An bar masa sunansa. Abin da zai sa shi duba kalanda ne babu. Rubab ta iso a makare, ta dubi bangon, ta dubi fuskarsa, ta je ta haɗo masa shayi ba ta tambayi komai ba.

Bai kai kofin baki ba aka ji mota ta tsaya a ƙofa, babba, har gilasan tagogi suka amsa. Haske mai ƙarfi ya shigo kafin mai shi. Wani dogon mutum ne cikin baƙar kwat, a wannan zafin, gashi a kwance da mai, bayansa wasu biyu suna jan igiyoyin lantarki da kyamarar kafaɗa. Bai yi sallama da kowa ba. Ya bi bangon da ido tun daga zuma har shuɗi, ya yi murmushin wanda ya tarar da kayansa cif.

"Wane ne Tufail Ansari Sahib?"

Wajahat ya nuna kujera.

"Sunana Kashan Mirza, daga gidan talabijin, daga Lahore muke tun hantsi. Tun jiya muke sanarwa: mutumin Multan da ya kama wata yana canza launi. Bayan labarai za mu haɗa kai tsaye, ƙasa duk tana jira. Ku matsar da teburin can. Sahib, akwai wata riga ban da wannan?"

"Kun yi wahalar banza, ɗana," in ji Tufail. "Wata bai canza ba. Wannan ne ya canza."

Ya ɗaga ƙyallen.

Baƙon ya saurari bayanin har ƙarshe, murmushin bai motsa ba. Ya juya ya yi wa na bayansa alama su ci gaba da jan igiya. Sannan ya tsuguna a gaban kujerar, ya ɗora hannu a kan ƙyallen, ya kama gefensa da yatsu biyu.

"Ban da mutanen ɗakin nan, Sahib," ya ce da murya mai laushi, "wa kuma ya ga wannan tsumman?"